Hannun da Almakashin Kawu Chaibou Ya Bari

Idan ka fito daga ramin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a unguwar Château Rouge ta Paris, ka bi ta gaban masu kifi, ka wuce shagon atamfar matar nan 'yar Togo, za ka ji kukan keken ɗinki kafin ka ga mai shi. Kawuna ne, Chaibou, wan mahaifiyata. Shagon bai fi ɗakin girki faɗi ba, amma tun da ya baro Tibiri ya sauka Paris, babu amaryar Maradi ko ta Damagaram da aka kai ɗaki a Clichy-sous-Bois ba tare da allurarsa ta taɓa kayanta ba. Haka dai yake faɗa, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsaya yi masa musu ba, don musu da Kawu sai wanda ba shi da aikin yi a ranar.

Dogo ne siriri, da tsagen Gobirawa daga gefen baki har kunne. Idan yaran Faransawa suka tambaye shi a metiro ko damisa ce ta yakushe shi, sai ya ce musu ita ce, amma ya cinye ta. Abu biyu ya iya a duniya: riƙon almakashi da karatun fuska. Daga nesa zai hango baƙon da bai taɓa gani ba ya ce wannan Bakatsine ne, wancan daga Daura iyayensa suka fito, sai ya ajiye ɗinki ya bi mutum da gaisuwa. Ya taɓa bin wani bawan Allah har tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord yana tambayarsa mutanen gida, ashe mutumin ɗan Kongo ne, gilashin mota ne ya yanke shi.

Sai kuma abu na uku, wanda shi ba ya ƙirgawa: tsoron bakin mutane. Malam ake ce masa a unguwa, shi ke jan salla idan liman ya yi tafiya, kuma sunan nan ya fi masa keken ɗinkin daraja. Ba ya bi ta ƙarƙashin rumfar mashaya, sai ya tsallaka titi. Wanda ya san Paris ya san abin da hakan ke nufi. Tafiya da Kawu tsallake-tsallake ce daga farko har ƙarshe, ni kam haushi take ba ni.

Akwai wani nauyi da ya ɗauko daga gida. Kakansa Illo, mahaifin kakata Inna Bintu, an ɗauke shi soja lokacin yaƙin duniya na biyu, Inna tana ciki ba a haife ta ba. Bai dawo ba. Ba gawa, ba saƙo, ba hoto. Abin da ya rage nasa a gidan shi ne sunansa, da labarin cewa yana da cindo a hannun hagu, wanda uwarsa ta hana wanzami yankewa tun yana jariri. Inna Bintu, wadda ta haifi Kawu da mahaifiyata, ta girma ta tsufa ba ta san kamannin ubanta ba. Ranar da Kawu zai taho Faransa ba ta ce ya aiko mata da komai ba, cewa ta yi ya duba mata labarin ubanta. Ya kuwa duba. Shekaru ya yi yana bin maƙabartun soja ranar Lahadi yana karanta sunaye a jikin duwatsu, har ya fid da rai ya daina zancen.

A shekarar 2011 ina karatu a jami'a a Bron, a gefen birnin Lyon, sai ga Kawu ya sauka garin. Wai ragowar siliki ya zo saye wurin masaƙan unguwar Croix-Rousse da ke kan tudu, amma na san ya zo ne ya ga ko har yanzu ina ɗaura kallabi. Muna gangarowa daga tudu da ƙunshin yadi, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Rumfa ɗaya ce a kusa, kuma ta wata tsohuwar mashaya ce mai suna Chez Gagnaire, irin waɗanda katakon ƙofarsu ya yi baƙi don tsufa. Kawu ya dubi rumfar, ya dubi silikinsa, sai siliki ya ci nasara. Ya tsaya a ƙarƙashinta ya juya wa tagar baya yana istigfari.

Ban san abin da ya sa ya waiwaya ba. Ji na yi kawai ƙunshin yadi ya faɗi cikin ruwa.

"Hamdiya! Hamdiya, taho ki gani! Bagobiri na!"

Na leƙa. A bangon ciki, kusa da taga, akwai wani tsohon hoto cikin firam, ya yi ja-ja-ja don daɗewa. Mutane ne tsaye a ƙofar wannan mashayar da muke fakewa. Turawa ne duka in ban da mutum ɗaya, baƙi, dogo, da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu. Ni ban ga wani tsage ba ta cikin gilashin da ya yi raɓa, amma Kawu ya manne hancinsa yana rantsuwa.

"Walle tsagenmu na! Ki shiga ki ce su hiddo mani shi." Sai kuma ya riƙo mayafina. "A'a, dakata. Ke ɗiya mace, cikin gidan giya? Ina! Ƙwanƙwasa masu daga nan."

Na ƙwanƙwasa. Wata dattijuwa gajera mai farin gashi ta buɗe ƙofa da tsumma a hannu, da alamar za ta ce mana ba a tare mata ƙofa. Idonta ya sauka kan fuskar Kawu, tsumman ya sulale ƙasa. Ta ɗaga yatsa tana bin layin tsagen a iska, ba ta taɓa shi ba, ta ce, "Papa Illo."

Na rantse gashin jikina ya tashi. Kawu kuwa ya yi kabbara da ƙarfi har wani mai kare da ke wucewa ya ja da baya. Daga nan ya duba titi sama, ya duba ƙasa, ya cire hularsa ya cusa a aljihu, wai don kada a gane shi, kamar a jikin hular tsagen yake. Ya sa ƙafar hagu ya shiga.

Sunan matar Madam Odile, ita ce mai wurin, kakan kakanta ne ya buɗe shi. Ta hau kujera da kanta ta sauko da hoton, ta ɗora a kan teburi tana nuna mana mutane ɗaya bayan ɗaya. An ɗauki hoton jim kaɗan bayan yaƙi. Ga tsoho Gagnaire da gashin baki kamar tsintsiya, ga matarsa zaune a kujera, ga 'yarsu Marthe, ga gangunan giya jere a gefe, ga allo a sama da sunan gidan. Kusa da Marthe ga Illo, yana dariya, kwalba a hannunsa na dama. Hannun hagu kuma wata 'yar yarinya ce mai gajeren siket ta riƙe, kuma ba duka hannun ta kama ba, ɗan ƙaramin yatsa na shida ta damƙe.

"Ni ce nan," in ji Madam Odile. "Kullum da shi nake riƙe shi, don shi ne daidai hannuna."

Kawu ya zauna daɓas a kujerar mashaya bai ma san ya zauna ba. Yana dariya, hawaye na bin tsagensa, yana ta maimaita "cindo, cindo," ni ina fassara abin da ba ya fassaruwa. Madam Odile ta ba mu labarin da ta sani. Illo ya tsere ne daga hannun Jamusawa da rauni a ƙafa, tsoho Gagnaire ya ɓoye shi a ɗakin ƙasa cikin ganguna. Yaƙi ya ƙare bai tafi ba. Marthe ta rasa mijinta a yaƙin, ga 'ya ƙarama, sai suka yi aure, tsohon ya sa shi cikin masu gidan. Shi ya raini Odile, shi ya kai ta makaranta, a gidan ya rasu da furfurarsa. Ya taɓa ce musu ya bar matarsa da ciki a ƙasarsu, amma duk ranar da ya fara zancen sai ya katse shi ya tashi ya kama wanke kofuna.

Kawu ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Tambaye ta, shina sha?"

Na tambaya. Madam Odile ta yi dariya har da tari. Ta ce ya sayar da giya kusan rabin rayuwarsa, amma ita ba ta taɓa leƙa kofinsa ba. Amsar ba ta yi wa Kawu daɗi ba, na ga haka a fuskarsa. Duk da haka da ta kai mu wurin mai hoto aka wanko mana kwafi babba, rungume shi ya yi a ƙirji, silikin da ya jiƙe kuwa, ni ya bar wa.

Na raka shi Paris a jirgin ƙasa. Rabin hanya murna yake kamar zai tashi sama: ya buɗe hoton ya rufe, ya nuna wa mai duba tikiti, ya nuna wa wata mata da ba ta tambaye shi ba. Ga wani daɗin kuma, dama an shirya Inna Bintu za ta zo Paris bayan salla a cire mata yanar ido. Kawu ya ce abu na farko da za ta gani da sabon idonta fuskar ubanta ce. Amma muna kusantar Paris sai murnar ta koma ciki. Ya ɗauko waya ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye. Bai kira kowa ba.

"Mi za ni ce masu?" ya tambaye ni. "In ce na ishe kakana da kwalba ga hannu? Inna ta yi shekara saba'in tana yi mai addu'ar shahidi. In kai mata mai gidan giya?"

Washegari a shago ya shimfiɗa hoton a kan teburin yanka, ya ɗauko alli, ya ɗauko babban almakashinsa. Na ce, "Kawu, don Allah kar ka yi." Ya ce in kama bakina, ba a koya masa yanka. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kawu kawu ne, na koma gefe ina huci. Ya cire allon sama. Ya cire ganguna. Ya cire tsoho Gagnaire da matarsa, ya cire Marthe, ya bi kafaɗar Illo a hankali ya sauke hannun dama da kwalbarsa. Da ya zo kan yarinyar sai almakashin ya tsaya. Idan ya cire hannunta, cindon ya tafi, kuma cindon shi ne shaida. Ya juya takardar ta nan, ya juya ta can, a ƙarshe ya yanke ta daidai wuyan hannu. Ya liƙa abin da ya rage a kan kore shar ɗin yadi, ya sa a firam mai ruwan zinariya. Aikin ya yi tsaf, ba zan yi masa ƙarya ba, Illo ya fito kamar limamin Juma'a.

Inna ta zo, aka yi aiki, aka dace. Ranar da aka cire mata bandeji muna gidan Kawu a Clichy-sous-Bois, hantsi ya cika falo. Ta ƙifta ido ta dubi ɗanta ta ce, "Chaibou, ashe haka ka tsuhwa?" Ta dube ni ta ce dama ta san muryata ta fi fuskata kyau. Na ce ai gadonta na yi. Ana cikin dariya Kawu ya durƙusa ya ɗora mata firam ɗin a cinya.

"Inna, kin ce in duba maki. Ga shi."

Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta bi tsagen ta kan gilashi, ta gangaro kan hanci, ta taɓa nata hancin. Ta sauko har hannun hagu, ta ga yatsan. Sai tsohuwar nan da aka ce kada ta yi motsi mai ƙarfi ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gidan biki, har maƙwabcin sama ya buga ƙasa da sanda. Muka rungume ta muna kuka muna dariya. Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan safiyar ba.

Ta share ido da bakin mayafi ta koma kan hoton. "Ina hannunshi na dama? Yaƙi ya ci shi?"

Kawu ya yi wani gunaguni da ba e ba ne, ba a'a ba.

Ta ƙara matso da firam ɗin kusa da sabon idon. "To wanga ɗan hannu fa? Na wane na?"

Ni na kafa ido a kan kafet.

"Chaibou, ni na haihe ka, ni na saya maka almakashinka na hwarko. Na san cizonshi. Mi ka yanke?"

Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa: mashayar, gangunan, matar, kwalbar. Ta ce a kawo mata sauran. Allah ya sa tela ba ya zubar da ƙyalle, guntayen suna cikin jakar da yake tara ragowar yadi. Muka jera su a kan faranti muna haɗawa, Marthe ta koma gefen mijinta, hannun dama ya koma kafaɗa. Kawu yana ta satar kallon fuskar Inna yana jiran ta ga kwalbar. Ta gan ta sarai, ba ta ce komai a kanta ba. Yarinyar take kallo.

"Tana da rai?"

"Awo, Inna. Tana Lyon."

"Kai ni."

"Inna, gidan giya na fa. Ke Hajiya ta. In wani ya gane mu..."

"Ubana ya kwana cikinshi har ya mutu, ni ba ni iya wuni guda? In kunya kake ji, Hamdiya ta kai ni."

Da likita ya ba da izinin tafiya muka kama hanya mu uku. Inna ba ta runtsa ba a jirgi, tana ta lissafa mana shanun Faransa ta taga tana cewa ba su da tozo. A gangaren Croix-Rousse ta ƙi a riƙe ta. Da farin hijabinta har ƙasa, da tabarau baƙi na bayan aiki, da sandarta, ta tura ƙofar Chez Gagnaire ta yi sallama da muryar da ake jinta daga bakin kasuwa. Tsofaffin da ke zaune da kofunansu suka juyo gaba ɗaya. Wani ma har ya miƙe ya cire hula.

Kawu ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Kamar an aiko shi, sai ga Ilya, wani ɗan Damagaram da muke jami'a tare, wanda ya sha bin Kawu salla a Paris, yana hawowa tudu da burodi a hammata. Ya ja birki, baki buɗe. "Malam? Kai ne nan?" Na ga hannun Kawu ya tafi wajen hula. Sai ya gyara mata zama a kansa, ya cafko Ilya a wuyan riga.

"Ni na! Taho ka ga kakana! Shi ad da gidan ga!"

A ciki kuwa Madam Odile ta fito daga bayan kantar mashayar, ta tsaya gaban Inna ta rasa abin yi da hannuwanta. Na zauna tsakaninsu ina fassara. Inna ba ta tambayi ko ya sha ba, ba ta tambayi dalilin da ya hana shi komawa gida ba. Ta tambayi abin da yake so a ci, da ko yana da faɗa, da ko yana waƙa idan yana aiki. Madam Odile ta ce ba ya faɗa, amma idan ta faɗi ta kurje gwiwa yakan ɗaga ta yana faɗin wata kalma, ta kuwa faɗe ta da bakinta na Faransanci: "Sannu." Inna ta cire tabarau ta ajiye.

"Tambaye ta, da zai cika, wa ke wurin?"

Madam Odile ta ce ita ce. A ɗakin sama ne, da rana, tana zaune a bakin gado tana riƙe da hannunsa har ya saki.

Inna ta gyaɗa kai. Fuskarta ta ɗaure, na ga fushi a cikinta ƙarara, fushin da ya girme ni ya girmi Kawu. "Hwaɗa mata ita ta ci rabona. Agola ta samu, ɗiyar ciki ba ta samu ba."

Na tsaya ina neman yadda zan sassauta maganar. Inna ta zungure ni da sanda ta ce in faɗa yadda ta faɗa. Na faɗa. Madam Odile ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne, kuma ta daɗe da sanin akwai mai shi a wani wuri.

"To ta kawo hannun."

Madam Odile ta miƙa. Hannu ne na tsohuwa, jajir, duk jijiya, ruwan wanke kofuna ya cinye fatarsa. Inna ta karɓe shi da nata biyu, ta juya shi, ta buɗe tafin ta duba, ta naɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar suna riƙe da wani abu ƙarami. Sannan ta ɗora shi a kumatunta ta rufe ido. Ba wanda ya ɗaga kofi a ɗakin. Ni kuka nake ba na ko ɓoyewa.

Can wani daga cikin tsofaffin ya yi gyaran murya yana neman a ƙara masa, Madam Odile ta ɗan motsa za ta tashi. Inna ta ƙara damƙewa, ba ta buɗe ido ba.

"Ce mata ya jira. Ban gama ba."